Tambayi Likita: Yawon Buɗe Ido a Sararin Samaniya, Kuɗinsa da Abin da Yake Yi wa Jiki

Assalamu alaikum. Tun daga watan Yunin 2025, lokacin da labari ya bazu cewa wani lauya ɗan Najeriya, Owolabi Salis, ya shiga kumbon kamfanin Blue Origin ya leƙa sararin samaniya ya dawo lafiya, saƙonnin da nake samu daga sassan jihar Kebbi suka fara zuwa da tambayoyi a kan wannan tafiya. Na zaɓi biyar daga cikinsu, domin a ƙarƙashin kowace akwai maganar lafiya da ta shafi mai zaune a Kamba ko Zuru kamar yadda ta shafi attajirin Amurka.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Jega: Likita, shekaruna 58, kuma ina shan maganin hawan jini. Nawa ne kuɗin wannan tafiya, kuma da a ce Allah ya hore mini, za su ɗauke ni?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Tafiyar iri biyu ce, kuma tazarar da ke tsakanin kuɗinsu mai girma ce. Ta farko ita ce ta leƙawa a dawo, wadda roka ke cilla kumbo sama zuwa nisan kilomita 100 ko ƙasa da haka kaɗan, wato nisan da bai kai na Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ba, fasinjoji su yi minti uku zuwa huɗu suna shawagi babu nauyi a jikinsu, sannan su sauko. A kumbon New Shepard na Blue Origin, daga tashi zuwa sauka minti 10 ne zuwa 11. Kamfanin ba ya bayyana farashin kujerarsa, sai dai kujerar farko da ya yi gwanjonta a 2021 ta kai dala miliyan 28. Shi kuwa Virgin Galactic na Richard Branson ya fara sayar da tikiti a kan dala 200,000, ya ɗaga zuwa 450,000 a 2021, daga baya ya kai 600,000, kafin ya dakatar da tashi a tsakiyar 2024 domin ƙera sababbin jirage. Idan aka lissafa dala ɗaya a kan naira 1,500, dala 600,000 naira miliyan 900 ke nan.

Ta biyu ita ce ta kewaya duniya da kwana a can. Dennis Tito, wani attajiri Ba'amurke mai shekara 60, shi ya buɗe wannan ƙofa a 2001, ya biya kimanin dala miliyan 20 ya bi kumbon Soyuz na Rasha zuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. A 2022 an ruwaito cewa kowace kujera a tafiyar farko ta kamfanin Axiom Space ta kai dala miliyan 55, wato sama da naira biliyan 80 a wancan lissafi.

Batun ɗaukarka kuwa, shekaru ba su ne shamaki ba. Wally Funk ta tashi tana da shekara 82, William Shatner ya tashi yana da 90, kuma a 2023 wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 80, Jon Goodwin, ya yi tafiyar alhali yana fama da cutar karkarwa ta Parkinson. Abin da likita zai duba shi ne yadda zuciyarka da jijiyoyin jininka za su jure matsin tashi da na sauka. Yayin da roka ke tashi, jiki yana jin nauyinsa ya ninka sau uku, ma'ana mai kilo 70 zai ji kamar an kwantar da shi an ɗora masa buhun shinkafa mai kilo 50 har kusan uku, kuma a wajen saukowa matsin yakan kai ninki biyar na 'yan daƙiƙu. A wannan hali jini yana son gangarowa daga kai, gani yana iya dushewa, zuciya kuma dole ta ƙara aiki. Likitoci a Amurka sun gwada masu hawan jini da masu ciwon suga a cikin wani inji da ke juya mutum da ƙarfi don kwaikwayon wannan matsi, suka ga cewa waɗanda ciwonsu ke ƙarƙashin kulawa sun jure kusan daidai da masu lafiya.

A nan ne nake so ka tsaya, Alhaji. Shan magani daban, saukar jini daban. Kwanaki na duba wani magidanci da ya shigo ɗakin duba marasa lafiya da ƙafarsa, yana raha, ya ce shi dai ya rako matarsa ne. Na roƙe shi ya miƙo hannu, awo ya nuna 190 bisa 110, alhali ƙwayoyin maganin suna cikin aljihun rigarsa, yana sha ne kawai ranar da kansa ya sara. Irin wannan jini ko hawa bene yana iya zame masa haɗari, balle roka. Ka riƙa auna jininka a kai a kai, ka nemi ya zauna ƙasa da 140 bisa 90, ka rage gishiri da ɗanɗano a miya, kuma a yi maka awon zuciya da na ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tambaya daga wani ɗalibi a jami'ar Aliero: Ranka ya daɗe, me rashin nauyi yake yi wa jikin ɗan Adam?

Amsa: Ɗana, an halicci jikinmu ne a kan jan da ƙasa take yi mana, kuma ba mu san muna dogara da shi ba sai an ɗauke shi. Abu na farko da ke rikicewa shi ne cikin kunne, inda ma'aunin daidaituwar jiki yake. Ido yana cewa ga sama ga ƙasa, kunne kuma yana cewa babu ko ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, daga nan jiri da tashin zuciya da amai su biyo. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yauri ranar da iska ta taso alhali bai saba ba ya ɗanɗani ɗan'uwan wannan ciwo. Fiye da rabin masu zuwa sararin samaniya suna fama da shi a kwana biyu ko uku na farko, wanda ke nufin mai tafiyar kwana uku yana iya ƙarar da yawancin lokacinsa riƙe da ledar amai.

Na biyu shi ne ruwan jiki, wanda a nan ƙasa yake taruwa a ƙafafu. A can sai ya hau ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar mai mura, ƙafafu su sirance. Jiki sai ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ya rage shi, shi ya sa idan mutum ya dawo ya miƙe tsaye yake ganin hajijiya, wani har ya faɗi. Muna ganin kwatankwacin wannan a asibiti kullum: majinyacin da ya yi mako uku a kwance, ranar da aka ce ya tashi, sai ka ga ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, gumi na keto masa, ƙafafunsa na rawa. Don haka ne ma masu bincike suke kwantar da mutane masu lafiya makonni a gado, kai ƙasa kaɗan, domin su fahimci abin da ke samun 'yan sama jannati.

Sauran illolin na mai daɗewa ne. Ƙashin ƙugu da na baya suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsu a kowane wata, sinadarin kalsiyam da ke fita daga ƙashin ya bi fitsari ya iya zama tsakuwar ƙoda, tsoka ta saki, shi ya sa mazauna tashar suke motsa jiki kimanin awa biyu kowace rana. Wasu ganinsu yakan canza saboda matsin ruwa a bayan ido. Akwai kuma haskoki masu ratsa jiki da ke fitowa daga rana da sauran taurari, waɗanda iskar da ke lulluɓe da duniya take kare mu daga gare su. Zaman wata shida a tashar yana daidai da ɗaukar hoton ƙirji ɗaruruwa, kuma hakan yana ƙara haɗarin ciwon daji a tsawon rayuwa. Ga barci: tashar tana nisan kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini guda. Mai tafiyar minti 11 babu ruwansa da waɗannan, nasa matsin roka ne da jiri da firgici.

Tambaya daga wata uwa a Argungu: Likita, ɗana mai shekara 12 yana da sikila, kuma ba shi da magana sai ta zuwa sararin samaniya. Me zan ce masa? Kuma muna shirin zuwa Umara da shi.

Amsa: Hajiya, wannan saƙo ya taɓa ni, Allah ya ba shi lafiya ya raya shi. Zan gaya miki gaskiya: a matsayina na likita ba zan sa hannu mai jinin SS ya hau roka ba. Abubuwan da ke tayar da ciwon sikila su ne ƙarancin iskar oksijin, ƙarancin ruwa a jiki, sanyi da wahala, kuma dukansu suna iya haɗuwa a wannan tafiya, a wurin da babu ƙarin jini, babu asibiti. Amma kada ki kashe masa sha'awarsa. Kowane mutum guda da ya tashi, dubban injiniyoyi da likitoci da masu lissafi ne suke zaune a ƙasa suna riƙe da ransa. Najeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, kuma ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Ki ba shi labarin Mae Jemison, likitar da ta yi aiki a Saliyo da Laberiya kafin ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ki ƙarfafa shi a kan lissafi da kimiyya.

Maganar Umara ita ce ta gabanmu, don haka ki saurara da kyau. Iskar cikin jirgin fasinja tana daidai da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ɗin da ke shiga jini yana raguwa kaɗan, iskar kuma busasshiya ce. Mai lafiya ba ya ji, mai jinin AS ma galibi ba ya samun matsala, amma mai SS ciwo yana iya tashi masa a sama ko bayan sauka. Ki kai shi wurin likitansa makonni kafin tafiya a auna yawan jininsa, a duba ko zai buƙaci oksijin a jirgi, a kuma ba ku takarda mai bayanin ciwonsa. Idan ciwon ya tashi masa ana gab da tafiya, a ɗage ta aƙalla kwana goma bayan ya warware. A cikin jirgi ya sha ruwa sosai, ya sa rigar sanyi da safa, ya riƙa tashi yana takawa, magungunansa kuma su kasance a jakar hannu. A Makka a guji ɗawafi da tsakar rana, kuma kada a ji kunyar ɗora shi a keke wajen sa'ayi.

Tambaya daga wata amarya a Bunza: Mai juna biyu za ta iya wannan tafiya?

Amsa: A'a, 'yata. Matsin roka da haskokin da na ambata haɗari ne ga ɗan tayi, kuma hukumomin sararin samaniya ba sa tura mace mai ciki. Jirgin fasinja kuwa, mai cikin da ba shi da matsala tana iya hawa, yawancin kamfanoni suna ɗauka har zuwa mako 36, amma a fara jin ta bakin masu awo, musamman ga mai hawan jini ko zubar jini ko cikin tagwaye.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gwandu: Idan mutum ya kamu da ciwo a can, wa zai duba shi? Kuma yaya Musulmi zai yi da azumi?

Amsa: Malam, Allah ya gafarta, hukuncin azumi da salla na malamai ne, kuma sun riga sun duba shi: lokacin da likitan ƙashi ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tashi a watan Ramadan na 2007, malaman ƙasarsa sun rubuta masa jagora a kan alƙibla da lokutan ibada. Ta fuskar lafiya, wanda ke amai a kwanakin farko yana buƙatar ruwa, kuma shawarata ita ce ya karɓi sauƙin da aka yi wa matafiyi da marar lafiya.

Batun jinya shi ne ya fi damuna a duk wannan sana'a. A gajeriyar tafiya babu likita a ciki, a kumbon Blue Origin ko matuƙi babu, kwamfuta ce ke tuƙi, kuma kowa yana ɗaure a kujerarsa lokacin da matsi ya fi tsanani. A tashar akwai akwatin magunguna da na'urar hoton ciki, likitoci kuma suna ba da umarni daga ƙasa. A 2020 wata mujallar likitanci ta ba da rahoton wani ɗan sama jannati da aka gano gudan jini a jijiyar wuyansa yana can, aka riƙa yi masa allurar tsinka jini daga ɗan abin da ke akwai, ana tattalinta, har kumbon kaya ya kai masa ƙwayoyi. Wannan ma'aikaci ne da aka tace lafiyarsa shekara da shekaru, ba ɗan yawon buɗe ido da ya yi horon kwana biyu ko uku ba.

Dokar Amurka, inda yawancin waɗannan kamfanoni suke, tun 2004 ta taƙaita ikon hukumar jiragen sama na gindaya ƙa'idojin kare lafiyar fasinja, da hujjar a bar sana'ar ta yi ƙafa. Abin da ake buƙata shi ne a sanar da fasinja a rubuce cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin kumbon ba, shi kuma ya sa hannu cewa ya ji ya yarda. Haɗarin ba na baka ba ne: a ranar 31 ga Oktoba, 2014, jirgin gwaji na Virgin Galactic ya tarwatse a sama, mataimakin matuƙi ya rasu, kuma a Satumban 2022 wata rokar Blue Origin da ba ta ɗauke da mutane ta lalace jim kaɗan bayan tashi, kumbon ya ɓalle ya sauka da lema. Ga wanda yake da ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi masa tiyata kwanan nan, amsata a matsayin likita ita ce kada ya sa hannu a wannan takarda, ko da kamfanin ya amince ya ɗauke shi.