Wasan tseren mota yana cinye min data, in daina sabunta shi ne?

Ɗan'uwa na Marwa, ka ce Asphalt 9 ya dame ka da neman sabuntawa, data na ƙarewa, kuma in ka shiga tsere da mutane sai motoci su riƙa ɓacewa suna ɓullowa a gabanka. Matsala biyu ce, kowace da maganinta.

Sabuntawa dai ba makawa. Wasan na kamfanin Gameloft ne na Faransa, ya fito a 2018, kuma sai da intanet yake tashi. In naka ya tsufa, ba zai bar ka ka shiga ba. A 2024 ma an sauya masa suna zuwa Asphalt Legends Unite. Ni a nan Garwa na kashe sabuntawa ta atomatik a Play Store, sai na sami wifi nake saukewa.

Ɓacewar motoci kuwa ba ƙarancin data ba ne, jinkirin saƙo ne tsakanin wayarka da kwamfutocin wasan, abin da ake kira ping. Ko ka sayi data ta wata guda, in layin ya cunkushe da magariba haka za ka sha wahala. Gwada bayan asuba ka gani. Sannan ga zafin Maris da Afrilu: waya in ta ɗau zafi tana rage gudu da kanta, don haka cire mata riga, kada ka buga tana caji.

Ni fa, gaskiya, Asphalt 8 na 2013 ya fi kwanta min a rai, don akwai tseren da nake yi ko babu intanet.