Me ya sa ruwa ke cin Agiliti alhali ba a yi ruwan sama ba?

Tambaya: Malam, ina sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina kuma haya a unguwar Agiliti. Kusan duk shekara, wajen watan Oktoba, sai ruwa ya shigo mana unguwa, ga rana tana ƙwallewa, ko hadari babu. Mutane na cewa an buɗe dam ne. Wane dam ke nan, kuma daga ina ruwan yake zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan kogin Ogun ne, wanda ya fi kowane kogi tasiri a rayuwar mutanen Legas, ko da yake ba a nan ya samo asali ba. Yana tasowa ne daga tuddan arewacin jihar Oyo, wajen Shaki, ya gangaro kudu kimanin kilomita 480, ya ratsa Abeokuta, ya bi ta ƙarƙashin gadar Kara a kan babbar hanyar Legas zuwa Badun, sannan ya rarrabu ta wajen Agboyi da Majidun ya zube cikin babban tafkin Legas. Sunansa aka sa wa jihar Ogun lokacin da aka ƙirƙire ta a 1976.

Ruwan da aka tafka can arewa, wajen mafarin kogin, a watan Satumba sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso ku. Shi ya sa kake ganin ambaliya da rana tsaka.

Dam ɗin da ake magana shi ne na Oyan, kusa da Abeokuta, a kan wani reshe da ke zuba cikin Ogun. An buɗe shi a 1983 domin tara ruwan sha da na noman rani. In ya cika, dole masu kula da shi su rage, don idan aka bari ya ɓalle, ɓarnar ba za ta misaltu ba. Amma a ganina ana ɗora masa laifin da ya fi nasa. Isheri, Agiliti, Owode Onirin da Ajegunle ta hanyar Ikorodu duk fadamar kogin ce tun fil azal, inda yake shimfiɗa ƙafa idan ya ƙoshi. An cike ta da yashi an yi gine-gine. Ga shi kuma ƙasar ba ta da gangara: in teku ya tumbatsa, tafkin ma sai ya ɗaga, kogin ya rasa inda zai zuba, sai ya kwanta a unguwanni makonni. Haka aka gani a Oktoban 2010, da kuma 2023.

Kainuwa da shara ma suna toshe kogin. A 2016 sun cunkushe ƙarƙashin gadar Kara har mutane suka riƙa tafiya a kai kamar tudu.

Duk da haka, da shi ake rayuwa. Daga Akute ake jan ruwansa zuwa matatun Iju da Adiyan, masu ba da kaso mai yawa na ruwan famfon birnin. 'Yan'uwanmu masu shanu da raguna a Kara a bakinsa suke kasuwa, ga masunta, ga masu haƙar yashi da kwale-kwale.

Idan za ka sake kama ɗaki a yankin, duba jikin katangar gidan da ta maƙwabta. Ruwa yakan bar wani layi mai duhu daidai inda ya tsaya, fenti ma ba ya ɓoye shi sosai. Daga Satumba kuma ka riƙa sauraron sanarwar sakin ruwa a rediyo, ka ɗaga kayanka tun da wuri.