Kawu, ga amsar maganar allon wasan nan

Kawu, kun ga hoton yara sun kewaye wani allon kwali mai launi, kuka ce ko caca muka fara koya musu a Amurka. Wallahi ko kwabo ba a sa wa.

Sanyi ne ya koya mana. A nan Bronx, cikin birnin New York, idan Disamba ta kama, kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi, babu dandali, babu gindin bishiyar da za a tona ramukan dara. Ran Asabar sai gida uku ko huɗu mu taru wuri guda, mutanen Kumasi, na Damagaram da mu Kanawa. Ana idar da Isha sai a baje lido. Yara kuma nasu daban, kuma sharaɗin Hajiyar gidan shi ne da Hausa za a ƙirga gidaje. Da haka autana ya iya ƙirge.

Abin da zai ba ku dariya, damuwarku ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Wanda kuka gani a hoton jikan wani wasa ne da Milton Bradley ya fitar a 1860 a garin Springfield. Shi maɗaba'a gare shi, irin ta bugun dutse da wani Bajamushe, Senefelder, ya gano a 1796: a yi zane da abu mai maiƙo a kan dutse mai santsi, a jiƙa shi, tawada ta kama zanen ta ƙi wurin ruwa. Kafin a iya buga launi ta haka, da hannu ake shafa wa allunan wasa launi, sai 'ya'yan masu hali.

Bradley ya buga hoton Abraham Lincoln, ɗan takarar shugaban Amurka na lokacin, ba gemu, yana ta ciniki, kwatsam mutumin ya tsayar da gemu, kaya suka kwanta. Shi ne ya juya ga wasa. Amma bai yarda ya sa ɗan lidon nan mai ɗigo-ɗigo ba, don mutanen lokacin suna ganinsa kayan 'yan caca. Sai ya sa wani ɗan abu da ake murzawa kamar katantanwar yara. Na yanzu ma faifai ake juyawa.

Lidonmu na manya dai da ɗansa muke yi, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Wanda aka cinye shi ke dafa shayi.