Kirsimeti ya matso, kuɗi ba su kai ba: me zan rage?

'Yar'uwa, kin ce albashin maigidanki ba zai ɗauki ɗinkin yara huɗu, buhun shinkafa da tafiya gida Kafanchan a lokaci guda ba, ga kuma kunyar surukai. Damuwarki tana kan hanya.

Fara ware kuɗin makaranta na Janairu, ki ajiye inda hannu ba zai kai ba. Abin da ya rage shi ne na biki.

A cikin ukun nan, ni tafiyar zan riƙe. Burin tsofaffi su ga jikokinsu zaune kusa da su a sujadar safiyar 25 ga Disamba, ana rera waƙoƙin haihuwar Yesu da Hausa. Ku tashi da wuri, tun kafin kuɗin mota ya hau a tasha.

Nama kuwa, ku shiga watanda: gidaje su haɗa kuɗi a yanka saniya, a kasa tsibi-tsibi, kowa ya ɗauki kasonsa har da kayan ciki. Shinkafa 'yar gida mudu biyar ta isa. Yara a yi musu anko da atamfa turmi ɗaya, ku manya ku wanke na bara ku goge.

Amma don Allah kada ki yanke kwanon maƙwabta. Wadda ta aiko miki da naman layya tana da haƙƙi a kanki, ko da cincin ne da 'yar shinkafa. Ki ba Musulmi ya yanka kazar, don su ci hankali kwance.

Batun surukai, maigida ya kira Mama tun yanzu ya gaya mata abin da za ku iya kawowa.