Sanusi, ga amsar tambayarka kan "lo karan"

Sanusi na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba don sai bayan isha'i muka taso daga aikin nan na Ƙofar Ƙaura. Ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne, in wuta ta zo lo karan, ba ƙarfi, mi ya sa sumon rijiyar Alhaji, injin nan da ke turo ruwa daga cikin rijiya, ya ƙone, ai wuta mai yawa ce ya kamata ta ƙona kaya ba 'yar kaɗan ba. Wallahi tambayar ga ta yi mani daɗi, don da yawa sun yi shekaru riƙe da filaya ba su taɓa yin ta ba.

Da farko ka cire lo karan ɗin nan daga bakinka, maganar mutanen gari ce, kai mai sana'a ne. Abin da ke sauka boltej ne. Dubi tankin ruwa bisa ƙarfe, tsawon da aka ɗaga shi shi ke turo ruwa, to boltej kenan, namu a ƙasar nan 230 ya kamata mita ta nuna. Yawan ruwan da ke bi cikin fayif shi ne karan, da am ake auna shi. Matsewar fayif ɗin da ke hana ruwa sakewa ita ce turjiya, ana auna ta da om, sunan wani Bajamushe ne Georg Ohm da ya fitar da lissafin a 1827. Lissafin kuwa ba wuya, ka raba boltej da turjiya ka samu karan. Shi kuma wat, wato aikin da wutar ke yi, boltej sau karan ne.

To ɗauki hita ta dafa ruwa mai wat 2000. Raba 2000 da 230, ka ga tana jan kusan am 8.7, turjiyarta wajen om 26. In wuta ta faɗo 160 turjiyar tana nan inda take, sai karan ya sauko wajen am 6, wat ɗin ma bai kai 1000 ba, matar gida ta yi ta jira ruwa ya ƙi tafasa amma ba abin da zai sami hitar. A nan tunaninka daidai ne.

Amma abu mai moto ba haka yake ba, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. Sumo bai san wuta ta sauka ba, ruwan da zai ɗago daga ƙasa nauyinsa bai ragu ba, dole ya nemo wat ɗinsa, to tunda boltej ya gaza sai ya rama ta wajen jan karan. Ƙarfin moto da doki ake auna shi, doki ɗaya wat 746 ne, a takarda am 3 da 'yan kai kenan a 230, a aikace ya fi haka. Wuta ta dawo 150, ka ga ya doshi am 5. Za ka ce ai ƙarin ba yawa, to zafin da ke tashi cikin kwayil, wato wayar da aka naɗe cikin moton, karan sau karan ne sau turjiya, in karan ya ninka biyu zafi ninki huɗu yake yi. Mafi muni in ya kasa tashi gaba ɗaya ya tsaya yana gurnani, lokacin ne yake jan karan ninkin ba ninki, irin ƙarar da kake ji kwamfuresan firiji na yi sannan ya ce ƙas ya yanke. Ranar da muka zaro sumon ai kai ka ce yana ƙauri, kuma da mai riwayindin, mai sake naɗa kwayil, ya buɗe ka ga kwayil ɗin ya yi baƙi ƙirin, fanishin jikin wayar duk ya ƙone yana marmashewa a hannu.

Kuma kar ka ɗora wa wutar gari laifin duka. Wanda ya yi masu aikin farko ya ja waya mai 1.5 tun daga cikin gida har bakin rijiya, ga nisa ga siranta, turjiya ta ƙaru, boltej ya zube a hanya, wayar na ɗumi shi kuma sumo na can da yunwa. Haka joyin da ba a ɗaure da kyau ba, shi ya sa nake maka faɗa kan ɗaure sukuru, soket ɗin da ka ga ya narke ta gefe guda yawanci sakin sukuru ne.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa shago, ka ɗauko kilam mita, mitar nan da ake maƙala wa waya, da wayar 2.5 da ke bayan ƙofa. Za mu auna boltej a bod, inda ake raba wutar gidan, mu sake aunawa a bakin rijiya sumo na aiki, ka ga bambancin da idonka. In za ka auna am ka maƙala waya ɗaya tak, in ka haɗa layif da nutural sifili za ta nuna maka. Ka gaida babanka.