Tambaya da Amsa: Yaya Turkiyya ta yi kaka-gida a Somaliya?

Tambaya: Kullum ina jin sunan Turkiyya a labaran Somaliya, ƙasar da ta shafe fiye da shekara 30 cikin rikici. Wace dabara ƙasa mai ƙarfi take bi har ta zama mai faɗa a ji a irin wannan wuri? Kuma abin yana ɗorewa?

Amsa: Malam, Turkiyya da agaji ta buɗe ƙofa. A watan Agustan 2011, ana tsakiyar fari da yunwa, Erdogan, yana firaminista a lokacin, ya sauka Mogadishu da iyalinsa, alhali manyan baƙi gudun birnin suke yi. Asibiti, tituna da guraben karatu suka biyo baya, kuma a Maris 2012 jiragen Turkish Airlines suka fara zirga-zirga zuwa can.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan lamarin, duk da ba a cika maganarsa ba. Kamfanin Favori na Turkiyya ya karɓi gudanar da filin jirgin saman Mogadishu a 2013, Albayrak, shi ma na Turkiyya, ya karɓi tashar jiragen ruwan birnin a 2014. Gwamnatin da ba ta iya aika mai karɓar haraji ƙauyuka saboda al-Shabaab, babban kaso na kuɗinta na cikin gida daga kwastan na waɗannan wurare biyu yake fitowa. Wanda ke riƙe da su dole a saurare shi.

Sai soja. A Satumban 2017 aka buɗe sansanin sojan Turkiyya na TURKSOM a Mogadishu, inda ake horar da dakarun Somaliya na musamman da ake kira Gorgor. Hafsan da ya koyi aiki a hannun Turkawa, da makaminsu da harshensu, wajensu zai koma neman harsashi da kayan gyara har ya yi ritaya. Daga baya kuma aka samu: yarjejeniyar tsaron teku ta shekara 10 a Fabrairun 2024, jirgin binciken mai Oruc Reis a Oktoba, sai sasanta Somaliya da Habasha a Ankara a Disamba.

Batun ɗorewa kuwa, a nan gizo ke saƙa. Sojan da ka horar ba kai kake ba shi umarni ba. A 2021, da wa'adin shugaban Somaliya na lokacin, Farmajo, ya ƙare ba a yi zaɓe ba, 'yan adawa sun zargi gwamnati da juya dakarun da Turkiyya ta horar a kansu. Al-Shabaab kuma ta mai da Turkawa abin hari, kamar bam ɗin Disamban 2019 da ya hallaka mutane da dama, har da Turkawa biyu.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ga wani salon. Ta yi hulɗa da Somaliland, yankin da ya ayyana ɓallewa daga Somaliya, kan tashar jiragen ruwan Berbera a bayan idon gwamnatin Mogadishu, sai a Afrilun 2018 jami'an Somaliya suka ƙwace dala miliyan 9.6 daga jirginta, shirinta na horar da sojoji ya watse.

Babban kuskure, a ganinmu, shi ne jingina komai ga mutum ɗaya. Iran ta zuba wa Assad na Siriya kuɗi da mayaƙa sama da shekara 10, ranar 8 ga Disamban 2024 ya gudu Mosko, kusan komai ya tafi tare da shi. Turkiyya kuwa ta yi aiki da shugaba Hassan Sheikh, ta yi da Farmajo da ya gaje shi, da Hassan Sheikh ya dawo a 2022 aka ci gaba daga inda aka tsaya.