Tambaya da Amsa: In biya kuɗin ajiyar Google, ko ta kyauta ta ishe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Kwanan nan wayata ta dame ni da saƙon wai wurin ajiyata na Google ya kusa cika, in riƙa biya duk wata. Ƙanena ya ce asarar kuɗi ce, tunda ga na kyauta nan birjik a intanet. Wanne zan ɗauka? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ƙanenki yana da gaskiya, amma rabi.

Google na bai wa kowa gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive (ma'ajiyar takardu) da Photos (ma'ajiyar hotuna) duk daga nan suke ci. A da hotunan da aka ajiye da ɗan rage musu inganci ba sa shiga lissafi, sai daga 1 ga Yunin 2021. A 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ta shiga ciki. Ina kyautata zaton nan matsalarki take: bidiyon bukukuwa da wa'azuzzukan da ake turowa a guruf, ba hotunan kayanki ba. Ki shiga saitin WhatsApp ki cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa, ki goge tsofaffin saƙonnin Gmail masu nauyi. Da yawa a nan suke samun sauƙi ba tare da sun kashe ko sisi ba.

Kada dai ki bari wurin ajiyar ya cika, don in ya cika ko saƙon banki ba zai shigo Gmail ɗinki ba.

Na kyautan da ƙanenki ke faɗa akwai su, wuraren ajiya ne na wasu kamfanonin: OneDrive na ba da gigabait 5, Dropbox 2. Sai dai ba na son mai sana'a ta warwatsa rasit da hotunan kaya wuri uku, kowanne da lambar sirrinsa. Ranar da waya ta ɓata, Allah ya kiyaye, ranar ake gane wahalar.

In kin share kuma bai isa ba, ki biya Google One, wato tsarin ajiyar Google na kuɗi, na gigabait 100. Ba wata fasaha ta daban za su ƙara miki ba, fili ne kawai, amma kina iya raba shi da mutum biyar na gida, har da ƙanen naki. Ki sani duk wata za su cire kuɗin daga katinki da kansu, sai ranar da kika soke.